Motar da Ba Ta da Salansa

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu ma ƙalau muke. Inna tana cin abinci sosai, mitarta ma tana nan yadda ka bar ta.

Yaya, na ga ikon Allah. Ka tuna likitan nan da na shekara goma sha biyu ina gyara masa mota? Makon jiya ya shigo garejina da sabuwar mota mai aiki da lantarki. Wallahi ban ji shigowarsa ba sai da ya dafa kafaɗata, ni da ake ce wa Kunne saboda daga ƙarar inji nake gane ciwon mota! Na ɗaga bonet, sai ga wurin ajiye jaka. Ba fulogi, ba tankin mai, ba salansa. Ya ce kamfanoni sai rige-rige suke, kowa na son tasa ta riga shiga gidajen mutane. Wannan ya fito da batir mai dogon zango, kafin ka kifta ido wancan ya fito da wanda ya fi shi.

Ya ce in ɗana ta. Na ɗauki Inna, wadda ka san warin fetur ke tayar mata da zuciya. Har muka wuce kasuwa tana faɗa, wai in daina gangara da motar mutane, in tayar da ita. Da na ce ai a tashe take, sai ta daɗe tana shafa kujera, sannan ta ce ashe da rabon ta ga wannan zamani.

Da na dawo, sai na tsaya ina duban sifanonina a jikin bango. Shekara talatin da su nake ciyar da gida. To amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ɗaya daga cikin kamfanonin zai koyar da makanikai na wata uku, kuma na ba da sunana. Ranar Litinin zan koma aji da furfurata, an ce malamar tamu sa'ar 'yarka ta fari ce. Ka sa ni a addu'a, kada in ba ka kunya.

Ka gaishe mini da uwargidanka, da 'yan biyu, da Auta. Inna da maman yara suna gaishe ku da kyau.

Wassalam,
Ƙaninka mai begen ganinka.