Tayin Sulhun Muzammilu

Bagudo, Litinin.

Zuwa ga matata Husna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya wankan jego, yaya jaririyarmu Atika? Ki gaishe da su Baba da mutanen Bahindi duka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba. Kin san abokina Muzammilu yana cikin waɗanda kwale-kwale ya kife da su a kogin Kwara ranar kasuwar Lolo. Akwai abin da na ɓoye miki: ya rasu ba ma magana da juna.

Shekara biyu muna haɗa wasan nan na kwamfuta, na garuruwan bakin kogi. Kullum ƙorafinsa shi ne a wasannin Turawa sulhu danna maɓalli ne kawai. Shi yana son a yi shi yadda mahaifinsa, Arɗo Namadi, ke yi da manoman Geza: a kira shaidu, a faɗi inda burtali ya bi, a yanka wa'adi zuwa kaka, wanda ya saɓa kuma sauran garuruwa su daina ciniki da shi.

Ranar gwaji muka ƙulla amana a cikin wasan, garina da nasa. Da shanunsa suka shiga ruwa za su haye, sai na auka musu. Na yi ta dariya. Ya ce ba wasan ya dame shi ba, sauƙin da abin ya yi mini ne. Ni kuma na ce yaushe makiyayi ya fara koya wa mutane cika alkawari. Ya sa takalminsa ya fita. Mako uku ke nan kafin hatsarin.

Mijinki,
Mutawakkil.

Bagudo, Alhamis.

Husna,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin Atika ya sauka.

Jiya na kunna kwamfutar bayan an tashi daga makaranta. Na tarar da tayin sulhu daga garin Muzammilu na cikin wasan, ya aiko da safiyar ranar da ya tafi Lolo. Ya rubuta cewa mashaya ta ishe mu mu biyu, shanun da na kashe ya bar mini, shi dai ya gaji da shirun nan.

Na danna amincewa. Wasan ya ce sai ɓangarorin biyu suna nan. Muzammilu ne ya kafa wannan doka, don kada a ƙulla wa mutum magana a bayan idonsa. Layi ɗaya ne a rubutun wasan, zan iya goge shi yanzu. Na kasa.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma yau ina tsakiyar darasi na ji ƙarar babur irin nasa, na tsaya da alli a hannu har ɗalibai suka fara kallon juna. Gobe zan tafi Geza wurin Arɗo.

Naki,
Mutawakkil.

Bagudo, Asabar.

Husna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na je na dawo.

Na sami Arɗo a gindin tsamiya. Na faɗa masa komai, har maganar da na yi a kan makiyaya, ban rage ko kalma ba. Na roƙe shi ya zauna a madadin ɗansa ya danna, tunda shi ne magajinsa. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, bai taɓa ta ba. Ya ce zagin ya shafe shi, kuma nasa kason ya yafe har ga Allah, amma na Muzammilu ba a hannunsa yake ba, ba zai amsa da bakin mamaci ba.

Sai ya ce in karanta masa saƙon. Na karanta. Ya ce in sake. Ya aika aka kira mahaifiyar Muzammilu, ta tsaya bayan zana, na karanta na uku. Ashe da asuba ya fita ran nan, ba wanda ya yi sallama da shi. A bakina suka ji maganarsa ta ƙarshe.

Ban sami sauƙin da na je nema ba, Husna. Tayin yana nan yadda ya bar shi. Ki roƙi Baba ya sa mu a addu'a, ni da Muzammilu. Idan kun yi arba'in kada ki ƙara ko kwana ɗaya.

Ki shafa mini kan Atika.

Mijinki,
Mutawakkil.