Kafin a Ja Kunkuru Teku

Karlskrona, 9 ga Mayu, 1907

Zuwa ga Yaya Hulda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike aiki. Yaya tarin nan naki? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Na yi wa Baba ƙarya. Takarda ta zo daga ofishin sojan ruwa a kan Kunkuru, jirgin yaƙin nan mai sulken ƙarfe da yake gadi. Kin san yanzu ni nake karanta masa takardu. An ce jirgin ya tsufa, ranar ashirin ga wata za a ja shi teku, sababbin jirage su koyi saiti a kansa har ya nutse. Baba ya zuba mini ido yana jira, sai na ce masa gyara za a kai shi.

Tun ranar bai zauna ba. Yana goge tagulla, yana kankare tsatsa, wai kada masu gyara su ce bai riƙe amana ba. Ya sake ba ni labarin nan da kika sani: yadda ya shiga jirgin yana ɗan shekara sha tara, yadda ruwa ke wanke bisansa in an yi iska, yadda suka shekara arba'in suna tsaron mashigar garin nan, abokan gaba ba su taɓa zuwa ba. Igwar atisaye ce kawai ta cinye masa kunnuwa.

Jiya tsoho Evald mai kwale-kwale ya tsokane shi, ya ce, "Kai Gottfrid, kunkurun nan naka ya taɓa cizon wani kuwa?" Baba bai ji ba, ya yi dariya don ya ga ana dariya. Evald ya dube ni, sai ya kau da kai. Ashe duk mutanen tashar jiragen ruwa sun sani, sai shi kaɗai.

Gidan ya yi mini faɗi tun rasuwar Mama. Mukan ci dankali da kifi mu biyu kaɗai. Kin san ni, ko a aji da ƙyar ake jin muryata, ga shi Baba sai an yi masa ihu a kunnen hagu. In na faɗa masa a gida, har ƙarshen layi za a ji, mata su leƙo suna kallon fuskarsa. Wannan ne ba zan iya ba.

Gobe ni zan kai masa abincin rana cikin jirgin. Ɗakin igwa bangonsa ƙarfe ne, kaurinsa ya kusa kamu guda, murya ba ta fita. Zan rufe mu a ciki in faɗa masa da iyakar ƙarfina. In ya yi fushi da ni, ya yi. Gara kwana goman da suka rage ya san ban kwana yake yi.

Ki sa mu a addu'a.

Ni ce ƙanwarki,
Tekla