Taken Ɗan Jimma a Hanyar Maiyama

Zuwa ga Yaya Ummaru makaɗi, duk inda wagga takarda ta riske ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ni ne ƙanenka Garba, mai yi maka amshi. Malamin unguwarmu ke rubuta mini, zan ba fataken goro masu zuwa Gwanja. Na roƙe su su karanta ta a fili a kowane zango, ko a dace da wanda ya san inda kake.

Ka tuna yadda muke kafin Nasara su shigo. Da damina muna wurin gayya, daga Fagada har Aliero. Da kaka filin kokawa. Ranar kasuwar Jega kuma mu zauna gefen 'yan hatsi, kai da gangar noma, ni da baki. Babu manomin da ba ka san takensa ba. Mutum na tsakiyar ciniki, in ka buga nasa, sai ya ajiye mudu ya ɗaga hannu yana kirari.

Sai shekarar da anka fara aikin hanyar Maiyama. Dogarai sunka bi ƙauyuka sunka kwaso maza, ba lada, ba abinci sai wanda mutum ya ƙullo daga gida. Bature ya ga aiki ba ya sauri, tafintansa ya ba shi shawarar a nemo makaɗi. Kai anka aiko wa. Ba ka so ba, amma ba wanda ya tambaye ka.

Cikin bazara ne, ƙasa ta yi tauri. Ka buga taken wannan, ka buga na wancan, aiki ya tashi. Da ka zo kan na Ɗan Jimma, manomin Fagada da ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya a gona ba, sai ya tuɓe riga. Ashe da zazzaɓi anka fito da shi, ba mu sani ba. Ya yi ta sara, mutane na ihu, har ya durƙusa bisa galmarsa. Kafin a kawo ruwa ya cika.

Washegari ka zo wurin aiki ba ganga. Dogari ya tambaye ka, ka ce masa, "Na rataye ta. Ban ƙara kiran mutum ga aikin da ba nashi ba." An yi maka bulala gaban jama'a. Da bayanka ya warke sai ka bi ayarin fatake, ko Inna ba ka yi wa sallama ba.

Inna ta rasu bara waccan, ba ta sha jinya ba. Gangarka ni ke kaɗawa yanzu. Ban kai ka ba, amma ana kirana gayya.

Ga abin da ya sa na nemi malam. Ranar kasuwar da ta wuce ina kiɗa, Hajo matar Ɗan Jimma ta zo ta tsaya har na gama. Ta tsufa, idonta ya rage, ta ɗauka kai ne. Da na faɗa mata ko ni wane ne, ta ce in aika maka cewa ba ta taɓa riƙe ka a zuciya ba. Ta ce ranar da dogarai sunka fita da mijinta kansa a sunkuye yake, ya kasa duban ɗiyansa. Amma waɗanda sunka kawo gawarsa sun gaya mata yana cikin kirarinsa ya faɗi. Ta ce in yi maka godiya.

Yaya, ka dawo gida. In ƙafa ta gaza, ka aiko, in zo da jaki in ɗauke ka.

Allah ya jiƙan Inna da Ɗan Jimma. In kana raye, Allah ya sanyaya zuciyarka ya haɗa fuskokinmu. In kuwa ka riga mu, Allah ya sa wanda ya rufe ka ya san sunanka.

Ƙanenka,
Garba, daga Jega.