Ashe Wanda Ya Sauke Ni a Amurka Nake Cinyewa a Caca

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan Kano ne, lissafi na karanta, ina aiki a wani kamfanin inshora a yankin Washington. Bara wani ya turo wani shafi a zauren hirarmu na 'yan gida, inda ake buga kartar da ake kira foka da kuɗin intanet na kirifto, kowa da sunan bogi. Na san caca ce, na san haramun ce, amma na yaudari kaina cewa bincike zan yi. Na haɗa manhaja mai auna yiwuwar fitowar kowace karta, tana kuma nazarin halin abokin wasa, yaushe yake tsorata, yaushe yake cika baki alhali ba ya riƙe da komai. Akwai wani mai kiran kansa Ɗan Zango. Manhajar ta gano duk sanda ya ɗan yi jinkiri kafin ya ƙara kuɗi, to burga ce kawai, kuma in an cinye shi ba ya iya tashi, sai dai ya ninka. Sai na koma farautarsa. Da na ga ya shigo, ko a jirgin ƙasa nake zan tafi ofis, sai in faɗa teburinsa. Wallahi ko sau ɗaya ban tambayi kaina ko yana da iyali ba. Wace irin zuciya ce wannan?

Watan jiya aka yi wani suna a Hyattsville. Bayan an ci abinci, wani bawan Allah ɗan Kumasi, zan kira shi Yaya Sule, ya ja ni wajen ajiye motoci. Shi ya sauke ni lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, a falonsa na yi sanyin farko, matarsa ke ajiye min shinkafa da wake, shi ya koya min tuƙi. Ya ce ya sayar da motar da yake ɗaukar fasinja da ita, matarsa ta kwashi yara ta koma wajen 'yar'uwarta a Annandale. Sannan ya miƙo min wayarsa.

"Ƙanina, kai ka san lissafi. Mutum ɗaya ne ya ƙarar da ni. Duba min yadda yake wasa, ka koya min in rama."

Shi ne Ɗan Zango, sunan da yake nuna min da yatsa kuma nawa ne. Kun san me na yi? Wa'azi na yi masa. Na ce ya ji tsoron Allah ya bar caca. Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya na faɗa, ya yi min godiya, har ya roƙi Allah ya sa 'ya'yansa su taso irina.

Tun ranar na goge manhajar, kuɗin yana nan na kasa taɓawa. In na gaishe shi ya ɗan yi jinkiri kafin ya ce "lafiya lau", na san ba lafiyar ba ce, kuma na san inda na koyi gane hakan. Ranar Juma'a kafaɗarsa na jikin tawa a sahu, ban san me liman ya karanta ba. Da na shiga shafin don in rufe asusuna, sai na tarar ya aiko wa wancan sunan saƙo: "Ka dawo, ina jiranka."

In mayar masa da kuɗin a ɓoye, ina tsoron teburin caca zai sake kai shi. In ba matarsa, me zan ce mata? In kuma na faɗa masa gaskiya, da wane ido zan kalli mutumin da ya ciyar da ni? Don girman Allah, me zan yi?