Keken Tsado Ya Je Misra

Shagon Mudi Mai Walda,
Barkin Sale, Minna.
Lahadi, 6 ga Oktoba, 1991.

Zuwa ga uwargidana Lailatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya lau kamar yadda ta bar ni. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Yaya mai sunan Inna, tana shan nono sosai kuwa? Ki gaishe mini da Baba da Hajiya da duk mutanen Kontagora, Allah ya saka musu da alheri kan ɗawainiyar da suke yi da ku.

Bayan haka, ki gyara zama, ki riƙe yarinyar da kyau kafin ki ci gaba. Mijinki zai hau jirgin sama zuwa Misra.

Kin san Tsado mai gyaran rediyo na bakin tasha, Banufen nan da shan inna ya taɓa wa ƙafafu, wanda ba ya ganina sai ya ce ga bawansa Bakatsine ya zo gaisuwa. Lokacin da kika tafi ina ta yankan bututu ne kawai, kina mini dariya wai zan ƙera wa Tsado jirgin ƙasa. To, keken tseren ya ƙeru. A hoton wata mujalla kaɗai na gan shi, ba wanda ya ba ni awo. Na yi jikinsa da bututun wayar lantarki, na sa masa manyan ƙafafu biyu na keken tsere, na karkata su ciki kamar yadda na gani a hoton, sai ƙaramar ƙafa ɗaya can gaba. Ba noti ko ɗaya a jikinsa in ban da na ƙafafun. Duk walda ce, kuma na goge ta har sai da hannu ya daina jin gaɓa.

Wata guda muna fita hanyar Beji da hantsi, shi a keke, ni a Besfa riƙe da agogo. Masu kai doya kasuwa har sauke kaya suke yi su tsaya kallo. Wani malamin wasanni ya aika da lokacin da Tsado yake yi zuwa Ikko, su kuma suka tura wa masu shirya wata gasar tseren guragu a Alƙahira. Ranar Laraba sai ga amsa da tikiti ɗaya da sunansa. Lailatu, da ya gama jin abin da ke cikin takardar sai ya kifa kansa a kan teburin rediyo. Na ce masa Banufe ma yana kuka ashe, ya ce hayaƙin dalma ne.

Yanzu ga inda za ki yi fushi. Na sayar da Besfa, na yanki nawa tikitin. Kada ki ce ban yi shawara da ke ba, lokaci ne ya ƙure. Tsado bai taɓa wuce Kaduna ba, Turancinsa na kasuwa ne, kuma in wani abu ya goce a keken wa zai gyara? Besfa kuwa ana sayen wata. Ni da na bar makaranta a aji uku na je ina hura wa Malam Alfa maƙeri wuta, yau ga fasfo a aljihuna. Waɗanda suka gama aji biyar suna nan suna jiran albashi, wasunsu ƙofar gidansu ma ni na ƙera.

Na je ofishin masu sayar da tikiti na tambayi batun kaya. Sun ce kowane fasinja kilo ashirin ne kyauta. Na kai keken wurin masu awon shinkafa, kilo goma sha huɗu cif. Kin ga ba mu da matsala. Don kada a lanƙwasa mini shi a cikin kaya, na sa Kolo kafinta ya yi masa akwati na madaci, mai kauri, an rubuta a jiki da jan fenti: Keken Gasa, Ƙirar Mudi Mai Walda, Minna, Nijeriya. Ki zo ki ga yadda mutane suke tsayawa karantawa.

Za mu tashi daga Kano ranar Talata ta sama. Ki gaya wa Baba zan kawo masa jallabiya da carbi, Hajiya kuma turare. Ke ki rubuto abin da kike so, kada ki ji nauyi. Gidan ya yi mini faɗi, abincin masu sayarwa duk ɗanɗanonsa ɗaya.

Ki sa mu a addu'a.

Naki har kullum,
Mudi.

Barkin Sale, Minna.
Alhamis, 17 ga Oktoba, 1991.

Lailatu uwargida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yarinya da mutanen gida, da fatan kowa yana lafiya. Na sami takardarki kafin mu tashi, na ga abin da kika ce kan Besfa, na kuma karɓa.

Kin ga adireshin da ke sama, kin san ba daga Misra nake rubutu ba. Kada hankalinki ya tashi, lafiyata ƙalau. Tsado ya tafi, keken ya tafi. Ni ne ban tafi ba, kuma gara ki ji yadda aka yi daga bakina.

Mun isa filin jirgin Kano da hantsi a cikin a-kori-kura, sai da mutum huɗu suka sauke akwatin. Tun nan ya kamata jikina ya ba ni. Na auna keken kafin a yi akwati, ban sake aunawa ba bayan an yi. Ga kuma abin da na cusa a ciki: ƙafafun canji, famfo, guduma, har ƙaramin matsi na ƙarfe. Da aka ɗora a ma'auni sai allura ta tafi kilo sittin da ɗaya. Tsado yana zaune a kan jakarsa a ƙasa, ya leƙa ya ce ashe gadon amarya na ƙera ban gaya masa ba.

Mai karɓar kayan wata yarinya ce, Phoebe, 'yar kudancin Kaduna. Da ta ga Minna a jikin akwatin sai ta ce a unguwar ma'aikatan reluwe ta girma, har muka gaisa kamar 'yan gida. Ta bayyana mana cewa kayan wasa masu girma irin wannan ba sa shiga cikin kilo ashirin ɗin nan, kuɗinsu dabam ne, kuma kowane kilo da farashinsa. Sai ta dubi Tsado, ta dube ni, ta rage murya. Ta ce amma keken da fasinja gurgu yake zama a kai kyauta ake ɗauka, ma'aikata ne ma suke kai shi da hannu. Ta tambaye ni a hankali ko wannan ba shi ne keken zaman bawan Allan nan ba, tun da ba ta ga wani keke tare da shi ba.

Lailatu, yarinyar nan ƙofa ta buɗe mini, kuma ba ƙarya a ciki, don Tsado bai je da wani keke ba sai shi. Amma abin da kunnena ya ji shi ne an kira aikina keken asibiti. Tsado yana ta jan ƙafar wandona, ban kula ba. Na ɗaga murya na ce wannan ba keken zama ba ne, injin tsere ne irin na Turai, wata uku na yi a kansa, ta karanta abin da ke jikin akwati in ba ta yarda ba. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turanci don na baya su ji. Suka kuwa ji. Shugabansu ya taso daga tebur, ya karanta jan fentin, ya yaba aikin ƙwarai, sannan ya cika takarda da hannunsa cewa kayan wasa ne, kuma dole su tafi a cikin akwatinsu. Phoebe ta sunkuyar da kai tana gyara biro.

Kuɗin da suka faɗa ya kusa na tikitin mutum. Na zazzage guduma da matsi da famfo, abin bai ragu da yawa ba, madacin Kolo ne nauyin. Guzurinmu duka bai kai rabi ba. Na roƙi shugaban a koma maganar farko, ya ce da bakina na faɗa a gaban jama'a, shi kuma ya riga ya sa hannu. Ban ga laifinsa ba.

Ana saura kamar awa ɗaya a rufe, Tsado ya ce mu koma gida. Ya ce ba komai, dama shi mai gyaran rediyo ne, kuma ba zai iya ƙasar Larabawa shi kaɗai ba. Bai zolaye ni ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini zafi. Tun da na san shi ban taɓa jin ya kira ni Malam Mudi ba sai ranar.

Jirgin ya cika, ga 'yan kasuwa a tsaye suna neman kujera ko ta nawa ce. Na koma wurin shugaban na tambaye shi in na saki tawa kujerar, za a iya mayar da kuɗin tikitina a kan akwatin? Ya duba takardunsa ya ce za a iya. Na miƙa tikitin kafin zuciyata ta sake shawara. Tsado ya yi ta faɗa, na ce masa yau shi ne bawa, bawa kuwa ba ya musu da ubangidansa. Na rubuta masa sunan masaukinsu a takarda da manyan baƙaƙe, na zuba masa sifana biyu a aljihu, na nuna masa notin da yake saurin kwancewa. Phoebe ta haɗa shi da wata ma'aikaciyar jirgi da za ta kula da shi har a zo tarbarsa.

Na tsaya a bakin waya na ga an tura akwatin cikin jirgi, jan fentin yana ƙyalli. Da jirgin ya ɗaga sai na ji ina ta ɗaga hannu kamar wani zai gan ni.

Jiya na iso. Ban buɗe shago ba tukuna, don duk Barkin Sale na yi wa sallama, har da masu shayi. Ki gaya wa Baba gaskiya, kada ki rufa mini. Jallabiyarsa sai wani jiƙon.

Asabar ne tseren. Ki yi masa addu'a.

Mijinki,
Mudi.

Barkin Sale, Minna.
Talata, 29 ga Oktoba, 1991.

Uwargida ran gida,

Assalamu alaikum. Yaya ku, yaya yarinya, yaya su Baba? Na ji saƙonsa cewa wanda ya bar kujerarsa don wani bai yi asarar tafiya ba. Allah ya ƙara masa girma.

Tsado ya dawo jiya, kuma na uku ya zo. Na uku, Lailatu, cikin mutum goma sha ɗaya, a tseren mita dubu biyar. Ga lambar tagulla nan na riƙe ta da hannuna, ta fi yadda nake zato nauyi. Masu babur na tasha suka rako shi tun daga shataletale har ƙofar shagona suna ta hon, shi yana gaba a kan keken, ba wanda ya iya wuce shi. Matan unguwa suka yi ta guɗa. Ni da na yi kwanaki ina bin lungu, sai ga ni a tsakiyar titi ana ɗaga mini hannu.

Na tambaye shi yadda ya biya kuɗin kaya a dawowa, don abin ya hana ni sukuni tun da ya tafi. Ya ce ko sisi. Ya bar akwatin a masauki, ya hau kekensa ya gangara har gaban ma'auni, ya rufe bakinsa. Suka ɗauke shi, suka ɗauki keken da hannu. Ya faɗa a gaban kowa cewa a duk kayan da muka kai Kano ba abin da ya kai bakin Bakatsine nauyi, da aka sauke shi jirgi ya tashi. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi. Akwatin kuma wai mai gadin masaukin ya mayar da shi wurin ajiye tulun ruwa, sunana yana fuskantar titi.

Sai da jama'a suka watse ya ba ni labarin da ya fi mini lambar. Ya ce da suka jeru, kekunan sauran duk na kamfani ne, farare, marasa nauyi, har wani ya ƙwanƙwasa bututun nawa yana murmushi. Bayan tsere sai wani dattijo mai gyara wa 'yan wata ƙasa kekuna ya zo ya roƙi a ba shi ya duba. Ya kifa keken, ya sa tabarau, ya bi kowace kusurwa da babban yatsa yana neman inda aka haɗa. Ya daɗe yana nema. Daga baya ya miƙe ya tambaya ta bakin tafinta wane kamfani ne ya zuba wannan a inji. Tsado ya ce masa ba kamfani, mutum ɗaya ne a Minna, da hannu. Dattijon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Ban gani da idona ba, kuma ni na jawo. Amma na sa Tsado ya maimaita mini wurin nan sau uku. Ya ce na huɗu sai na saya masa tsire, na kuwa aika an sayo.

Ki shirya, ranar da kuka cika arba'in zan zo da kaina in ɗauke ku, ko da a motar haya ce. Ki shafa mini kan yarinya, ki gaida kowa da kowa.

Ni ne naki,
Mudi Mai Walda.