Madubin Abdulganiyyu

Kibiya, Lahadi

Zuwa ga iyalina Fulera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya Baba da Inna da sauran mutanen Rurum?

Na dawo makaranta lafiya, sai dai raina ba daɗi. Kin san na'urar hangen taurarin da abokina Abdulganiyyu ya ara mini don in nuna wa ɗalibaina wata. Na ɗauko ta daga Rano a bayan babur, muka biyo ta inda ake aikin titi, ashe murfinta ya faɗi ban sani ba. Da na leƙa ciki sai na ga madubin ya yi fututu da jar ƙasa.

Hajiya Jumai, shugabar makarantarmu, ta riga ta gayyaci iyaye su zo kallon wata ranar Alhamis. Ta ce in abin ya yi kyau za ta ba mu ɗaki mu buɗe ƙungiyar kimiyya. Ga shi kuma kayan aro ne, da kyar Abdulganiyyu ya samo shi. Har na kama bakin rigata zan goge, sai kuma na fasa. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Mukhtar

Kibiya, Talata

Fulera,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, ciwon bayan nan kuma ya sake ki.

Na daure na kira Abdulganiyyu na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Ka goge?" Na ce a'a. Ya ce, "To alhamdulillahi. Ƙurar nan yashi ce, in ka murza ta za ta karce madubin, kuma ba gyara. Kada ka hura da baki, yawu zai bi."

Ki yafe mini, 'yar robar nan ta share hancin jarirai da na saya na manta ban kai muku ba, da ita na yi ta fesa iska har yawancin ƙasar ta tashi. Sannan na kwance madubin, na kwantar da shi a roba mai tsabta, na zuba ruwa da ɗigon sabulu, na bar shi ya jiƙa. Na riƙa jan auduga a kansa cikin ruwan ba tare da na danna ba, kowane ja da sabuwar auduga, kamar yadda na ga Inna na lallaɓa cibiyar 'yarmu. Na ɗauraye da tataccen ruwan ɗakin gwaje-gwaje, na jingine shi ya tsane da kansa.

Akwai ɗan tabo guda a gefe da ya ƙi fita. Abdulganiyyu ya ce in ƙyale shi, ba zai hana gani ba, garin neman gira kada a rasa ido. Zan saya wa yarinya wata robar.

Mijinki,
Mukhtar

Kibiya, Juma'a

Fulerata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk gida. Allah ya raya mana Amatullahi.

An yi taro jiya bayan magariba, kuma madubi ya fito tas. Ni na fara leƙawa, na ga ramukan wata ɗaya bayan ɗaya. Layi ya miƙe har bakin ƙofa. Malam Shitu, wani dattijo daga Kahu da ya rako jikarsa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ikon Allah! Ni da nake zaton sumul yake kamar faranti, ashe shi ma duk kwazazzabo ne irin gonata." Aka yi ta dariya, shi kuwa ya koma ƙarshen layi don ya sake gani.

Hajiya ce ta leƙa a ƙarshe. Da ta ɗago sai ta buɗe jakarta ta miƙo mini makullin ɗakin da ta yi mana alkawari. Wallahi Fulera, na so a ce kina wurin.

Ɗakin babu ko benci ɗaya. Amma da safen nan na iske ɗalibai sun share shi, sun shimfiɗa tabarmin da suka zo da su daga gida, suna zaune suna jirana.

Ki gaida Baba da Inna. Gobe in sha Allahu ina tafe.

Naki har kullum,
Mukhtar