Soson da Ka Ɗinka a Rigata

Ya sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, telana kuma mijina! Gaisuwa gare ka daga ɗakin Yaya, inda nake zaune har a gama yi mini gashi da na'ura a asibiti in dawo gidanmu. Za ka ce me ya kai ni rubutu, alhali duk ƙarshen mako kana zuwa? To, in ka zo ƙasa kake kallo, ni kuma harshena ya yi nauyi, sai mu ɓige da hirar kekenka da ke tsinke zare.

Ka tuna ranar da ruwa ya tare mu a bakin shagonka, muna sabon sanin juna? Ka fizgo yadin wata mata ka lulluɓa mana, ashe mai zuba ne, muka isa ƙofar gidanmu shuɗi har cikin kunne. Ran nan ka tsaya ka ƙare mini kallo daga goshi har ɗan yatsa, ko kunya babu, har na ce malam saura ka haɗiye ni. Wayyo, ina idon nan ya tafi? Wa ya ɗauke mini shi?

Ba butulci zan yi maka ba, Allah ya sani. Kai ka fara jin ƙullutun, da hannun nan naka da ba ya wuce ƙulli a zare. Na ce ruwan nono ne ya daskare tun yayen 'yarmu, ka kafe sai an duba. Da likita ta ce sankarar mama ce, na hagu sai an cire, kai ka riƙe ni a matakalar asibiti. Watannin da aka yi ana ɗura mini jan maganin nan a jijiya, kai ke riƙe mini roba in yi amai, kai ke share gashina daga matashi ka ɓoye kafin in farka, kana zaton ban sani ba. Amma ranar da aka kwance bandeji, na ɗago ina neman fuskarka, sai na tarar taga kake kallo. Tun daga ranar, in zan canza riga sai ka tuna akwai abin da ka manta a waje.

Sai ga riguna sun fara zuwa. Kai, ɗinki ya yi kyau, mugu! Yaya ta ɗaga ta farko tana ta sa maka albarka, wai irinka sai an tona. Ni kuwa da na shafa ta, sai na ji abu a cikin shafi ta hagu: soso ne ka yanka, ka zagaye, ka lallaɓa shi da ƙananan ɗinki. Girmansa, tudunsa, har 'yar karkatar da yake yi waje, babu abin da ka rage. Ba ka auna ni ba, ba ka tambaye ni ba. Da ka ka ɗinka shi, daga abin da hannunka ya haddace. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Yaya ta ji kukana.

Masoyina, tsoron rigunan nan nake ji. Suna rataye a ƙusa bayan ƙofa, ƙirjinsu a cike, kamar akwai mutum a ciki. In iska ta shigo suka motsa, sai in ga wata mata tsaye tana jira in tashi in ba ta wuri. Na san ta, ai ni ce bara. Shi kansa wanda aka cire bai yarda ya tafi ba. Yakan yi mini ƙaiƙayi, in jaririn maƙwabta ya yi kuka in ji yana tsatstsafowa, in kai hannu in tarar da soso. Likita ta ce jijiyoyi ne ba su gama mantawa ba, zai wuce. To kai fa, yaushe naka zai wuce? Wa kake yi wa ɗinki, ni ko ita? Kafaɗuna sun zube, ƙuguna ya tsuke, rigunan suna yawo a jikina, amma kai kana can kana yanka yadi a kan awon matar da ba ta nan.

Na san tausayi ne, ba ƙyama ba. Ko kuwa? Ka ga, wannan "ko kuwa" ɗin ita ke cina fiye da ciwon. Labarin zuciya a tambayi fuska, kai kuma ka hana ni taka.

Akwai wata da muke layin magani tare, sa'ar Yaya, muna ce mata Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Ta tsokani nas, ta tsokani mai shara, har sanƙona ta ce ya fi nata sheƙi. Mijinta mutumin kirki ne, shi ma kullum yana bakin ƙofa riƙe da jakarta. Wata rana ana neman jijiyarta, sai ta juyo ta ce mini, "Ƙanwata, ban da likita da madubi, babu wanda ya taɓa ganin wurin nan." Makon jiya na je na tarar da wata a kujerarta. Har yanzu ina jin muryarta a barandar nan, in waiwaya in ga babu kowa.

Ni ban ce haka tawa za ta kasance ba. Likita tana da kyakkyawan zato, ni ma ina da shi, ina so in ga 'yarmu ta girma ta fi ni rashin kunya. Amma sai an yi hoton ƙarshe za a sani, kuma kwana na Allah ne. Shi ya sa na ari almakashin Yaya na farke sosonka duka, ga su nan a leda tare da takardar nan. Kada ranka ya ɓaci, ko zare ɗaya ban yar ba.

In za ka zo wannan karon, ka taho da tef ɗinka da alli. Yaya za ta fita da yarinya, ni zan rufe ƙofa in buɗe labule. Tabo ne dogo, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, gashin na'ura ya sa fatar ta yi duhu. Ba shi da kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. In za ka yi kuka ka yi, amma idonka a buɗe. Ka auna ni yadda nake, ka ɗinka mini riga ɗaya tak wadda ni ce a cikinta. Ina roƙonka, hasken raina, kada ka bari masu wanka su riga ka gani.

Taka ce ni, da abin da aka cire da abin da ya rage, muddin ina numfashi,
Matarka.